Guzurin Gida da Darasin Aji: Waiwaye a kan Ɗalibai Marubuta da Masu Zane a Ƙasar Katagum

Gabatarwa

A duk lokacin da aka zauna bitar manhajar Hausa, tambayar da ta fi cin lokaci ita ce, me za a koya wa ɗalibi? Wane littafi za a sa, wanne za a cire, darasi nawa za a ba nahawu a mako, nawa za a bar wa adabi da al'ada. Ba kasafai mukan tsaya mu tambayi abin da ɗalibin ya riga ya zo da shi daga gida ba tun kafin ya zauna a kan benci. Wannan maƙala ta ɗauki tambaya ta biyun, ta kuma bi ta ta fuskar tarihi, tana mai kafa misali da ƙasar Katagum ta Jihar Bauchi, musamman garin Azare. Dalilanmu biyu ne. Na farko, a Azare akwai kwalejin da ta daɗe tana yaye malaman Hausa, saboda haka duk abin da aka shuka a can zai tsiro a ɗaruruwan azuzuwa. Na biyu, ƙasar Katagum bakin iyaka ce, inda harsuna da hanyoyin karatu suka daɗe suna cuɗanya, kuma a irin wannan wuri ne aka fi ganin nauyin guzurin da yaro yake ɗauke da shi.

Ƙasar da ke duban gabas da yamma

Kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, yankin da ake kira Guddiri yana ƙarƙashin inuwar daular Borno ne, kuma ƙananan masarautu irin su Shira da Tashena da Auyo su ke riƙe da shi. Malam Ibrahim Zaki, wanda ya karɓo tutar jihadi, shi ya ci Shira da Tashena, ya kai yaƙi har Birnin Gazargamu, sannan ya kafa garin Katagum a bakin kogin Jama'are wajen 1814. Wannan ne asalin laƙabin Sarkin Borno da sarakunan Katagum suka riƙe. Da matafiyin nan ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, ya sauka a garin a watan Janairu na 1824, ya tarar da shi da ganuwa biyu, ya kuma ƙiyasta mazaunansa da mutum 7,000 zuwa 8,000. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sai suka sa Katagum cikin Lardin Kano. A 1916 aka dawo da fadar sarki Azare, bayan shekara goma kuma, wato a 1926, aka mayar da masarautar cikin Lardin Bauchi. Mai son ganin yadda mutanen ƙasar da kansu suke ba da wannan tarihi da baki sai ya nemi aikin da Victor Low ya buga a 1972 a kan masarautun Gwambe da Katagum da Haɗeja.

Ba don tarihin sarauta muka kawo wannan ba, sai don abin da yake nufi ga malamin aji. Yaron da ya tashi a wannan ƙasa ya gaji Sakkwato da Kano ta wajen mulki da kasuwanci, ya kuma gaji Borno ta wajen karatun Alƙur'ani. Azare tana kan babbar hanyar da ta tashi daga Kano ta bi ta Fataskum zuwa Maiduguri, hanyar da gardawa suka daɗe suna bi in za su tafi gabas neman tilawa. A tsangaya yaro yakan fara da kolo, ya zama titibiri, ya zama gardi, kuma a duk tsawon wannan lokaci hannunsa bai rabu da alƙalamin kara da tawada da allo ba. Yana ganin alaramma ya zauna yana rubuta Alƙur'ani da ka, yana ja wa kowane shafi layi, yana sa wasulla da jar tawada, yana ƙawata alamar hizbi da ta sajada. Ranar sauka kuma a yi masa zayyana a allo, da launuka da da'irori da murabba'ai waɗanda ba a yin su sai da awo da natsuwa. Wannan horo ne na ido da na hannu wanda ya ɗauki shekaru. Amma ranar da wannan yaro ya shiga aji ɗaya na boko, sai a rubuta shi cikin waɗanda ba su iya karatu da rubutu ba.

Sai kuma batun harshe, wanda a ganinmu ya fi kowanne muhimmanci. Shirawa da Tashenawa da Auyakawa suna da harsunansu, dangin Badanci da Ngizimanci. Yau babu mai magana da ko ɗaya daga cikinsu. Abin da ya rage shi ne 'yan jerin kalmomi da aka tattara a farkon zamanin Turawa, waɗanda Russell Schuh ya yi nazarinsu a wata maƙala da ya buga a 2001. Hausa ce ta haɗiye su, kuma daga wannan cuɗanya, tare da ta Fillanci da Barbarci da harshen Karekare, aka sami karin harshen da ake kira Guddiranci, wanda Dauda Muhammad Bagari ya yi wa nazari a 1982. Mu masu koyar da Hausa mun saba da kallon harshenmu a matsayin wanda Ingilishi yake danne wa wuya. A ƙasar Katagum ya kamata mu tuna cewa Hausa ma ta taɓa danne wasu, kuma daidaitacciyar Hausa tana iya yi wa Guddiranci abin da Hausa ta yi wa Shiranci, in dai aji ya ci gaba da ɗaukar maganar gida a matsayin kuskure kawai.

Darasin Midil ta Bauchi

Mayar da Katagum Lardin Bauchi ya sa yaran ƙasar da suka ƙetare elementare suka riƙa tafiya Midil ta Bauchi. Sun kuwa yi dace, domin a tsakanin shekarun 1930 da na 1940 wannan makaranta ta haɗa malaman da tarihin adabin Hausa ba ya cika sai da su.

Na farko shi ne Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya gama Kwalejin Katsina a 1933, ya koma Bauchi yana koyarwa, kuma a wannan shekara ce Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya zagaya yana neman waɗanda za su shiga gasar ƙaga labari. East ya bayyana daga baya, a wata maƙala ta 1936, irin wahalar da ya sha kafin ya shawo kan malamai, domin a wurinsu alƙalami na addini ne da ilimi, tatsuniya kuwa ta mata ce da yara. Waɗanda suka amsa kiran yawancinsu matasan malaman makaranta ne da ba su daɗe da barin benci ba. Abubakar Imam yana da shekara 22 lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja, Tafawa Ɓalewa kuwa bai kai haka ba ma. Abin lura shi ne, babu ɗaya daga cikinsu da ya ɗauko kayan aikinsa daga darasin Ingilishi na Katsina kaɗai. Imam ɗan gidan malamai ne a Kagara, kuma sanin littattafan Larabci irin su Maƙamatul Hariri ya bayyana a aikinsa. Shaihu Umar kuwa an gina shi ne a kan abin da tsofaffi suke tunawa na harin bayi da fataucin Sahara, aka kuma sa labarin a bakin malami yana ba almajiransa a Rauta, kusa da Bauchi. Wato siffar littafin kanta ta zauren karatu ce. Makarantar boko ta ba su haruffa da injin ɗab'i, amma labarin da muryar da aka ba da shi daga gida suka zo.

Na biyu shi ne Malam Aminu Kano, wanda ya fi dacewa da batunmu, domin shi tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna ya fara rubuta wasannin kwaikwayo, ciki har da Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba? Ɗan gidan malaman shari'a ne a Kano, ya tashi yana jin ƙararraki da koke-koken talakawa, kuma abin da ya cika wasanninsa ke nan. Da aka tura shi Midil ta Bauchi a 1942 bai bar wannan sha'awa a Kaduna ba, ya ci gaba da shirya wasanni da ɗalibansa. A Bauchi ne kuma ya sake haɗuwa da Malam Sa'adu Zungur, wanda ya haɗa zurfin karatun Larabci da na boko, har ya kai Babbar Kwalejin Yaba, ya kuma zuba siyasar zamaninsa cikin awon waƙar malamai, kamar yadda ake gani a Arewa Jumhuriya ko Mulukiya. A maƙwabta kuma, Mu'azu Haɗeja, shi ma malamin makaranta, yana yin irin wannan aiki da waƙoƙin gargaɗi. Shi da Sa'adu duka a 1958 suka rasu.

Kada mu manta da cewa a wancan zamani rubutun ɗalibi yana da inda za shi. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, tana buga wasiƙun masu karatu, sannan a shekarun 1950 Hukumar NORLA ta fito da jaridun larduna, inda Lardin Bauchi ya sami Zumunta. Yaron da ya ga sunan garinsu a bugu ya san cewa rubutu ba don jan biron malam kaɗai ake yin sa ba.

Yawa ya zo, fili ya ragu

Shekarar 1976 ta kawo abu biyu a lokaci guda: ƙirƙiro Jihar Bauchi da shirin ba da ilimin firamare ga kowa, wato UPE. A 1977 aka fitar da Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsu, kuma a wannan shekara ce aka buɗe babbar kwalejin horar da malamai a Azare, wadda daga baya aka sa wa sunan Alhaji Aminu Saleh, ɗan garin da ya riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin Tarayya. Daga nan ɗalibin boko ya daina zama ɗan sarki ko ɗan malami da aka tsamo daga cikin dubu. 'Ya'yan manoman fadama da na masunta da na makiyaya da na maɗinka hula duk suka shigo, 'yan mata ma suka ƙaru sannu a hankali. Guzurin da ke shigowa aji ya ninka: waƙoƙin gaɗa da na daka, kirarin noma da na farauta, wasannin tashe, tatsuniyoyin da aka ji da Fillanci ake maimaita su da Hausa.

Sai dai yawan ya zo tare da jarrabawa, jarrabawa kuwa tana bukatar ma'auni ɗaya. An riga an yi aiki mai yawa wajen daidaita rubutun Hausa, tun daga Hukumar Harshen Hausa ta 1955 zuwa taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, kuma daidaitacciyar Hausar da aka tsayar ta fi jingina da Kananci. Ba mu da ja da wannan aiki, domin in babu shi babu littafin da za a karanta daga Maraɗi har Yola. Inda aka yi tuntuɓe shi ne wajen aiwatarwa. Alal misali, a Bausanci da Zazzaganci ba a cika bambanta jinsin namiji da na mace a nahawu yadda Kananci yake yi ba, kuma kwalejin Azare tana karɓar ɗalibai daga ko'ina cikin jihar. Ɗalibin da ya rubuta insha'i mai rai, mai tsari, amma ya yi amfani da jinsi yadda ake yi a garinsu, yakan karɓi takardarsa ta yi ja wur, ba tare da an ce masa uffan game da labarin da ya ƙaga ba. Mun sha ganin haka a zaman duba takardu, kuma ba ma wanke kanmu. Abin da ɗalibin yake koya daga nan shi ne ya taƙaita, ya guji duk kalmar da ba ta cikin littafin aji, ya haddace insha'in da aka san yana cin maki.

Sha'awar rubutun ba ta mutu ba, hanya ta sake. Gasar Kamfanin NNPC ta fito da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid a 1980, littafin da marubuciyarsa ta bar ƙamshin Fillancin gidansu ya fito a cikinsa. A 1984 Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina, daga nan ƙofar abin da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano ta buɗe. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi wa aure tana ƙarama, ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino kuma ya biyo da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990. Waɗannan littattafai sun bi motocin kasuwa sun isa garuruwa irin su Azare, kuma ɗaliban sakandare, musamman mata, suna cikin manyan masu karanta su. Duk wanda ya koyar a makarantar kwana a wancan lokaci ya san littafin rubutun nan da ake cika shi da labari da biro, yana yawo daga gado zuwa gado har bangonsa ya yage. Wannan shi ne ajin ƙaga labari na gaskiya, kuma ba ya cikin jadawali. Martanin hukuma sau da yawa ƙwacewa ne, har a 2007 aka ƙona irin waɗannan littattafai a bainar jama'a a Kano. Ba muna cewa duk abin da ke cikinsu ya dace da aji ba ne, da yawansu an rubuta su cikin gaggawa, ƙa'idojin rubutu kuwa sai dai a yi shiru. Amma yarinyar da ta cika shafi 80 da labari ba tare da an sa ta ba, ta riga ta yi rabin aikin da malamin adabi yake fafutukar ya sa a yi. Yau wannan littafin rubutu ya koma cikin wayar hannu, kuma gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata ta nuna yawan masu alƙalamin da ke ɓoye.

Masu zane

Tarihin masu zane ya fi gajarta a rubuce, ba don babu su ba. A duwatsun Shira akwai zane-zanen mutanen da, waɗanda suke cikin jerin kayan tarihin ƙasa, kamar na Birnin Kudu da na Geji. Makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'o'in hannu. Amma da tafiya ta yi nisa sai darasin zane a makarantunmu ya koma kwaikwayon kofi da kwalba da fensir, aka bar zayyana da dagi da ɗinkin hula da adon bango da sassaƙar ƙwarya a waje. A Zariya kuwa, a 1958, wasu ɗaliban zane irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya suka ce za su haɗa dabarun da ake koya musu da fasahar garuruwansu. Okeke ya koma ga zanen uli na ƙasar Ibo, daga nan ya zama abin da ya zama. Zayyanar allo ba ta gaza uli da komai ba wajen tsari. Bambancin kawai shi ne ba a gaya wa tsohon gardin da ke zaune a ajin zane cewa abin da ke hannunsa fasaha ce ba. Ajami ma haka ya yi ta ja da baya a idon hukuma, har a 2007 aka cire shi daga takardun kuɗi na naira 5 zuwa 50.

Abin da ya shafi masu tsara manhaja

Manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara da Hukumar NERDC ta fitar a 2007 ta ware darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, amma ta raba shi da darasin Hausa, alhali a rayuwar ɗalibi ba a rabe suke ba. Wanda ya iya zayyana shi zai yi wa labarin abokiyar karatunsa bango, wanda ya iya tashe shi zai hau dandamali da wasan da wani ya rubuta. Muna ganin wurin da ya fi sauƙin fara gyara shi ne kwalejojin ilimi, tun da takardar NCE ce aka tsayar a matsayin mafi ƙarancin shaidar koyarwa. A makonnin farko, maimakon a fara da ma'anar adabi da rabe-rabensa, malami zai iya sa kowane ɗalibi ya rubuta tarihin harshensa da karatunsa: da wane harshe kakarsa take yi masa magana, ina ya tsaya a allo, ya iya ajami ko bai iya ba, wace sana'a ake yi a gidansu, me yake karantawa in ba a sa shi ba. Wannan ba ɓata lokaci ba ne. Insha'i ne, kuma shi ne binciken da malamin yake bukata kafin ya san da wa yake magana.

Na biyu, jagorar ba da maki tana bukatar ta bambance rubutu iri biyu. A wasiƙar neman aiki da rahoto da fassara, daidaitacciyar Hausa dole ce, a kuma tsananta. A ƙagaggen labari da waƙa da wasan kwaikwayo kuwa, in tsohuwa 'yar Shira ko masunci ɗan Katagum zai yi magana, a bar shi ya yi ta da Guddiranci, a ma ƙara wa ɗalibin maki in ya iya riƙe bambancin tsakanin muryar mai ba da labari da ta tauraronsa. Wanda ya iya wannan ya fi sanin daidaitacciyar Hausa a kan wanda ya haddace ta, domin ya san inda iyakarta take.

Na uku shi ne adanawa. Kowace shekara ɗaliban Hausa na kwalejin Azare da na jami'ar jiha da ke Gaɗau, wadda yanzu take ɗauke da sunan Sa'adu Zungur, suna rubuta kundayen kammala karatu, da yawansu a kan mawaƙa da sana'o'i da karin maganar ƙauyukansu. Irin waɗannan kundaye, a manyan makarantunmu gaba ɗaya, sukan ƙare a ɗakin ajiya, gara da ɗigon damina su gama da su. Ana bukatar rajista ɗaya da za ta nuna sunan kundi da garin da aka yi binciken, da kwafi a kwamfuta, da mujallar sashe ko da sau ɗaya ce a shekara wadda za ta buga zaɓaɓɓun labarai da waƙoƙi da zanen ɗalibai, har da shafi ɗaya ko biyu na ajami. Na farko da na uku suna hannun shugabannin sassa, ba sai an jira Abuja ba. Na biyun ne ba zai yiwu ba sai hukumomin WAEC da NECO da Hukumar Kula da Kwalejojin Ilimi sun sa hannu, domin malamin sakandare ba zai yarda ɗalibinsa ya rubuta abin da ya san za a soke masa a watan Yuni ba.